Lasifika ta Goma Sha Bakwai

Ni ne mai jan waya.
Kwana uku ina rarrafe a tsohon rumbun gishiri
da ke bakin tekun Baltik,
na jera lasifika ashirin da huɗu,
wasu a bango, wasu a rufi,
ɗaya ƙarƙashin benci, ta lafe kamar kyanwa mai jin sanyi.

Baƙi sun iso daga Graz, daga Lyon,
baƙaƙen riguna, takarda a hannu,
masu sauraro da ido a rufe
kamar masu ɗanɗana gishirin miya.
Ba ganga, ba mawaƙi.
Virve kaɗai a tsakiyar duhu,
yatsu a kan maɓallai,
fitila kamar ƙwayar gero tana haska haɓarta.

Sai ƙanƙara ta tsage a bayan kunnena.
Igiyar jirgi ta yi kuka daga hagu,
ta zaga ɗakin, ta dawo ta zama ƙudan zuma.
Goge ɗaya ya ja numfashi
har na manta inda ya faro.
An niƙa rurin teku, an tankaɗe,
an watsa mana garin a ka.

A minti na sha ɗaya
lasifika ta sha bakwai, wadda na ɗaure da hannuna,
ta yi tari.
Tarin tsoho, gajere, sau biyu,
da ɗan fito a wutsiyarsa.

Salme mai bandar kifi,
wadda ta shigo don 'yan gari ba sa biya
kuma ɗakin akwai ɗumi,
ta miƙe tsaye.
"Endel," ta ce. Ba da ƙarfi ba.
Hunturu biyu ke nan da binne shi.
Ashe ranar da Virve ta kafa na'urarta a gaɓa
yana can gefe yana ɗinkin taru.

Wani ya ja tsaki.
Kiɗan ya wuce abinsa, bai san kowa ba.

Da aka kunna wuta
masana suka cika ƙofa da gardamar sauti da sarari.
Virve ta zo tana murza yatsu:
"Ban sani ba. In cire shi?"
Salme ta ɗaure ɗankwalinta a haɓa.
"Gobe ma za a yi?"
"Har Lahadi."
"To a ajiye mini kujerar nan."

Na naɗe wayoyi, na kashe komai.
Ta sha bakwai na ɗan karkato da ita ƙasa,
daidai kunnen mai zama.