Agogon Da Na Ƙi Gyarawa

Shekara arba'in ina gyaran agogo a Istanbul,
a wani lungu na Avcılar
inda teku ke leƙenmu ta tsakanin benaye.
Guda ɗaya ne na ƙi taɓawa.
Yana nan a bangon shago, ya tsaya cak
a kan ƙarfe uku da 'yan mintoci,
daren da gadona ya koma kwalekwale,
kwanukan Gülten suka sauko daga kanta da ƙafarsu,
daren da na kira sunan uwata
alhali ta shekara goma a ƙasa.

Tun daga nan takalmana ke kwana a gindin gado,
bakinsu na duban ƙofa.
Gülten ta rataya usur a wuya.
Ko wanka za ta shiga, da shi.
Bayan ƙofa akwai jaka:
tocilan, gwangwanin kifi, takardun gida,
maganin hawan jini da muke sauyawa in ya tsufa.
Mun yi wa baƙo shimfiɗa,
baƙon da ba ma so,
wanda bai faɗi ranar zuwa ba.

Fitilar da ke reto a falo ita ce alƙalinmu.
Babbar mota ta wuce, idanu huɗu su tashi sama.
“Ke kika taɓa tebur?”
“Kai dai ka taɓa.”
Sai mu yi dariyar da ba ta wuce haƙora.

A talabijin masana na jan layi ja ƙarƙashin Marmara,
wai ƙasa ta ci bashi, ranar biya na tafe.
Kafin ka haɗiye yawu
an sako tallar man wanke gashi.

Bara Rıfkı na hawa na biyu ya kawo injiniya,
yaro ne, gemunsa bai gama fitowa ba.
Ya ƙwanƙwasa ginshiƙi da guduma,
ginshiƙin ya zubo masa yashi a tafin hannu,
cikin yashin har da ƙumbar teku.
Bai ce komai ba. Ya miƙo mini.
Ashe shekara talatin a kan gaɓar teku muke barci,
hawa biyar sama da titi.
An yi taro, an yi lissafin rushewa da sake gini,
kowa ya dubi aljihunsa, ya dubi silin,
aka sha shayi, aka watse.

Nergis na kira daga Konya duk Juma'a:
“Baba, ku taho, ƙasar nan ba ta da wannan hali.”
In ce mata wa zai ba kyanwowin lungu abinci?
Ta san ba kyanwa ba ce.
Ni ma ban san mece ce ba.

Jikata Ilgın ta zo hutu,
ta koya mini abin da aka koya musu a makaranta:
durƙusa, rufe kai, riƙe ƙafar tebur.
Ta jera 'yan tsananta ƙarƙashin kujera,
tana ƙirga musu har sittin.
Na gwada, gwiwoyina suka ƙi.
Ta ce, “Ba komai, Kaka, ni zan jawo ka.”
Na shiga banɗaki na daɗe ina wanke fuska.

Amma gari na wayewa.
Mai burodin riɗi na kiran ciniki,
jirgin fito na busa daga nesa.
Nakan ajiye shayi a kan tagar shago,
in tsaya kallon fuskarsa:
ja, shiru, ko gezau.
Yau ma ta ƙyale mu.
Sai in bi agogon mutane ɗaya bayan ɗaya ina ba su wani.

Jiya wani saurayi ya nuna bango,
ya ce, “Usta, naka ya mutu.”
Na ce masa, bar shi.
Sauran duk tafiya suke yi.
Shi ne kawai yake jira tare da mu.