Kumfa Ɗaya a Daƙiƙa Uku

Lita talatin ne duka, akwatin gilashi
a kan teburin da ke gefen gadon Abah,
a benenmu na Cicadas, inda ruwan Bandung
ke dukan kwano tun la'asar, ba ya gajiya.
Wata uku da na shuka ciyawa a ciki,
ta ƙi gaba, ta ƙi mutuwa,
ganye ya koɗe kamar mai doguwar jinya.
Gansakuka ce kaɗai ta samu wurin zama.

Mang Entis mai shagon kifi ya duba hoton a wayata,
ya ce, "Neng Wiwin, ba taki ba ne, ba fitila ba.
Yunwar iskar kabon suke ji.
Abin da kike fitarwa ta hanci, shi ne shinkafarsu."

Na fara da mai araha, kamar kowa:
gorar lemo, sukari kofi biyu, yis rabin cokali,
siririn tiyo, da gam a bakin murfi.
Ɗaki ya ɗauki warin burodin da bai gasu ba.
Abah ya yi dariya har tari ya ƙwace masa,
ya nuna doguwar tukunyarsa ta asibiti:
"Ni ana saya mini wadda zan shaƙa,
su ana dafa musu wadda na zubar."

Amma yis bai san dare ba.
Fitila ta mutu, ganye ya daina ci,
gora na ta aikinta cikin duhu.
Da asuba na tarar da kifayen nan shida
a saman ruwa, baki buɗe, suna haki.
Na san wannan hakin.
Shekara biyu ina kwana kusa da shi.
Na fizge tiyo, na sauya rabin ruwa, hannu na rawa.
Jatan lande biyu ba su tashi ba.

Na koma shago a bayan babur, rigata jiƙe.
Mang Entis bai ce ai na faɗa miki ba.
Ya ajiye ƙaramin gwangwani kamar ɗan yatsa:
"Wannan yau araha, kowane wata kuka."
Ya ajiye na garin tsami da soda,
ya ce yana da kyau in kina da haƙurin awo.
Haƙurina na awo ya ƙare a kan magani.
Sai na ɗora hannu a kan tukunyar ƙarfe, kilo ɗaya,
mai agogo biyu a ka kamar idon mujiya,
da makunnin da ke rufe kansa in lokaci ya yi.
Kuɗin ya kai ɗinkin sati biyu a masaƙa.
Na tambayi abu ɗaya: "Da dare tana yin shiru?"
Ya ce, "Kafin fitila ta mutu da awa guda."
Na biya rabi, ya rubuta sauran a bayan kalanda.

Yanzu ɗan gilashin gwaji na manne a kusurwa.
Shuɗi, an yi rowa. Rawaya, an yi ɓarna.
Kore nake nema, koren ganyen ayaba,
kuma sai da na yi kwana tara ina murɗa famfo
kaɗan-kaɗan, kamar mai rage wutar shinkafa.

Kumfa ɗaya a daƙiƙa uku.
Abah ne ke ƙirgawa, ya ajiye carbi.
Jiya bayan azahar ya kira ni da hannu:
a ƙarƙashin kowane ganye, ƙananan duwatsun iska
sun jeru, suna saki, suna hawa sama.
"Waccan fa?" ya ce.
Na ce, irin taka ce, Abah, su suka yi ta.
Ya daɗe yana kallo, tiyonsa a hanci.

Ƙarfe takwas makunni ya ce ƙyas.
Ban kashe fitilar ɗaki ba tukuna.
Ina zaune tsakanin tukwane biyu,
ina sauraren wadda ba ta da izinin yin shiru.