Yatsu Huɗu

Ƙarfe huɗu na asuba a Lota,
hayaƙin tandata kan riga masunta fita.
Ni ce Eufemia. Shekara arba'in hannuna cikin kwaɓi,
na san fulawa kamar yadda mijina ya san duhun ramin kwal.

Ranar da na haifi Anselmo
ungozoma ta juya shi, ta yi tsit.
Wata 'yar jaka ja a gadon bayansa,
sama da inda nake ƙulla igiyar rigar aiki.
Likitan Concepción ya ce da ni:
ƙashin baya ɗinki ne,
yana rufewa tun mace ba ta san ta yi ɓatan wata ba.
Na ɗanki, zare ya ƙare a hanya.

Ya rayu.
Tafin ƙafarsa bai taɓa sanin sanyin daɓe ba.
Siririn bututu na kwashe ruwa daga kansa,
yana kan kekensa bakin ƙofa, shi ke riƙe mini littafin bashi.

Wata shekara buhuna suka zo da sabon rubutu,
wai an zuba folik asid.
Na shinshina, na lasa, ban ji komai ba.
Na ce gwamnati dai ba ta rasa abin faɗa.

Nélida, 'yar ƙanwata, burodina ta ci ta girma,
biyu da safe, ɗaya da shayin yamma.
Ta haifi mace. Aka juya ta.
Na fita bayan asibiti na zagi buhu da mai buhu.

Amma ta jaririyar tana can ƙasa, dab da ƙugu,
ba ta fi kwabo ba.
Likita bai rantse mini burodi ne ba.
Ya dai ce gadajen sashensa sun fara zama wayam,
waɗanda ke zuwan ma, raunin ya sauko.

Yau Brígida ke zuwa sayen burodi da kanta,
takalmin ƙarfe na ƙwas, ƙwas a kan tudu,
ƙafar hagu na biyo baya kamar mai jin kunya.

Jiya na ga Anselmo ya kai hannu bayansa,
ya auna daga tabonsa zuwa ƙasa.
Yatsu huɗu, Mama, ya ce.
Ya ƙirga mata canji daidai.

Na koma ciki. Kwaɓi ya tashi, ba ya jira.