Mai Ba da Hayar Duhu

Siton nan na Bompai ubana ya bar mini,
inda dā ake jibge fata, ana auna gyaɗa.
Shekara tara ba mai shigarsa sai jemagu.
Nasidi dillali ya zo da biro a kunne,
ya ce, "Talle, kana zaune kan kuɗi kana hamma.
Kano ta cika ta batse,
kayan mutane sun fi ƙarfin ɗakunansu.
Yanka duhun nan gunduwa-gunduwa,
kowace ka sa mata ƙofa da lamba."

Dariya na yi.
Wa zai biya hayar inda ba zai kwana ba?

Duk da haka na sayar da gonar Gezawa,
na sayi bulo, kwano, kwaɗo arba'in da biyu.
Fenti bai gama bushewa ba
'yan Kwari suka turo diloli a kura;
wanda wuta ta taɓa lasa, toka ma tsoro take ba shi.
Sai yaran nan masu shago a cikin waya,
turare, takalma, fitilun sola,
ba rumfa, ba kanta,
lamba shida ce kasuwarsu,
mai adaidaita ne yaron shagonsu.

Na koyi karanta shekara a jikin ƙofofi.
Damina, ruwa ya shiga gidaje, katifu su zo gudun hijira.
Azumi ya gabato, sukari na neman masauki, farashi ya ɗaga.
Bayan salla rabin layin wayam,
ni da gizo-gizo muna lissafi.

Nasidi ya dawo, yanzu da mota.
"Buɗe wani a Hotoro, wani kusa da Dawanau.
Ɗan haya mafi daɗi shi ne kwali:
ba ya kunna fanka,
ba ya zagin maƙwabci,
ba ya haihuwa."
Gaskiya ya faɗa, littafina shaida ne.

Amma akwai lamba goma sha bakwai.
Malam Sa'adu, da ya koyar da lissafi shekara talatin,
magada suka raba gidan da yake ciki,
ya koma ciki da falo a Sheka.
Abin da ya ƙi shiga can ya kawo nan:
keken ɗinkin marigayiya Barmani,
gadon ƙarfe, langa uku, akwatin takardun jarrabawa.
Ƙarshen wata ya zo a kan tsohon kekensa,
ya biya, ya buɗe, ya zauna a bakin gadon.
Bai taɓa ɗaukar komai ba.
Sau ɗaya na ji ƙarar keken ɗinkin,
ba zare, ba ƙyalle.

Wata uku ke nan fansho bai fito ba.
Wani mai batura ya taya ɗakin ninki biyu.
Nasidi ya buga, ya ce duk kayan
ba su kai hayar wata biyu ba,
kuma ƙa'idar da ni na rubuta
ta ce a yanke kwaɗo.

Zarto na cikin durowa.
Da safen nan na zagaya layin,
na tsaya a goma sha bakwai,
na ga kwaɗon ya fara tsatsa.
Na koma ofis, na ɗauko mai,
na ɗiga masa.