Gadon da Alƙali Bai Raba Ba

Mu uku muka kwana bukka ɗaya a Gadarif,
kakar yankan riɗi:
ni, da ƙanena Nomau,
da wani dattijo ɗan Kasala mai tari har asuba,
yana tofawa a gwangwanin madara.
Kwana arba'in da ɗaya.
Iskar da ya fitar, mu muka shaƙa,
ba wanda ya auna mana ita da mudu.

Muka dawo Maiwurno da kuɗi ɗaure a ƙugu.
Kafin ruwan Nilu ya ja baya
wandon Nomau ya fara zamewa.
Da dare gumi ya jiƙa shimfiɗa,
da safe ya ce ai zafin gari ne.
Ranar da ya yi kaki a gindin dalbejiya
na ga ja, na take da ƙafa
don kada Inna ta gani.

A asibitin Sinnar aka ɗaga hoton ƙirjinsa a taga.
Huhun dama, can sama,
kamar zanen da gara ta kwana a ciki.
Ni kuma aka tsikari fatar hannuna,
aka ce in dawo gata.
Wurin ya tasa, ya yi tauri kamar ƙwayar gyaɗa.
Likita Ikhlas ta shafa da ɗan yatsa, ta auna,
ta ce: kai ma tarin fukan ya shige ka.
Sai dai jikinka ya kewaye shi da katanga,
ya toshe ƙofa, ya zauna gadi.

Na ce, to shi fa?
Nono ɗaya muka sha.
Akushi ɗaya, bulala ɗaya.

Ta zare tabarau, ta murza ido.
Ta ce akwai rubutu a jikin kowa,
rabi daga uwa, rabi daga uba,
kuma ba a kwafe allo iri ɗaya ga 'ya'ya biyu.
Ɗigo ɗaya ne tsakanin jim da ha.
Garkuwar wani tana jin sawun baƙo tun daga zaure,
ta wani sai ya kai ƙuryar ɗaki,
ta wani kuma garin dukan ɓarawo
ta rushe gidan da take tsaro.
Ta ce amma kada ka ɗora wa jini duka laifin:
akwai yunwa, akwai ɗaki marar taga,
akwai abin da mu ma ba mu karanto ba tukuna.

Da Baba ya rasu alƙali ya raba mana daidai,
gonar bakin ruwa, kwalekwale, koma biyu.
Ashe an riga an yi wani rabon
tun ba mu da suna.
Kakanmu ya taso daga Haɗeja a ƙasa, zai je Makka,
nan ƙafarsa ta tsaya.
Cikin ayarin nan wa ya yi tari ya faɗi a Wadai,
wa ya binne shi ya wuce?
Wataƙila su biyun duk suna cikinmu,
ɗaya ya sauka wurina,
ɗaya ya sauka wurin Nomau.

Wata shida ina ƙirga masa ƙwayoyi a tafin hannu
kafin shayin safe.
Fitsarinsa ya koma jan garura, ya tsorata,
likita ta yi dariya, ta ce aikin magani ne.
Jiya shi ya ja koma shi kaɗai,
ya zage ni da na kai hannu.

Ni ne ban warke ba, don ban kwanta ba.
Ina yawo da fursuna a ƙirji
da katangar da ban ɗora ko tubali ɗaya a kanta ba.

An haifa mini 'ya ranar Laraba.
Balaraba tana barci, na kara kunne a haƙarƙarinta.
Ban iya wannan karatun ba.
Na dai tashi na buɗe taga.