Haƙori Ɗaya

Merab bakanike ya ce lari ɗari uku,
har da kuɗin bel, har da fuli.
Baba ya ninke takardar gida huɗu,
ya danne ta da kwalbar gishiri.
"Shekara talatin da takwas ina gyaran agogo a Kutaisi,
yau wani yaro zai koya mini lokaci?"
Yaron nan kuwa ya ba hamsin baya,
furfura har a gira.

Ran Asabar muka tura motar ƙarƙashin rumfar inabi,
ruwan daren jiya bai gama ɗiga daga ganye ba.
Aka ɗaga ta a jak, aka cire tayar dama.
Baba ya shimfiɗa mayafin teburin marigayiya Lamara,
ya jera notuna a kai, ƙarami bayan babba,
yadda yake jera hanjin agogo.
Ni aikina riƙon tocila.
Tun ina 'yar shekara tara nake wannan muƙami,
ga ɗana har ya shiga jami'a,
ƙarin girma shiru.

Tsohon bel ya fito duk faso, kamar dugadugin manomi.
"Kin gani, Tsiala? Saura ƙiris.
In ya tsinke ana gudu, fistin ya gabji bawul,
inji ya tauna kansa."
Ya ce akwai alama a sama, akwai alama a ƙasa,
sai sun haɗu kamar hannayen agogo a sha biyun rana.
Ya ɗiga jan farcena a kan kowace.

"Haska nan."
Na haska.
"Nan na ce!"
Nan ɗin nake haskawa.
Ya cire tabarau, ya goge da gefen riga, ya mayar,
ya sake cirewa.
Sai na gane ba tocila ce ta rage haske ba.

Ƙararrawar coci ta buga huɗu, ta buga shida.
Miyar wake ta huce, burodin cuku ya sandare.
Bel ya hau, an ɗaure,
makulli na hannunsa, ya ƙi murzawa.
Mutumin da bai taɓa shakkar daƙiƙa ba
yana tsaye, baƙin mai har gwiwar hannu,
yana kallon takalminsa.

Na ce bari in sayo batir.
Shagon batir na hagu. Na bi dama.

Merab ya shigo da silifas, yana hamma,
wai agogon hannunsa ne ke latti,
ko maƙwabci zai taimaka?
Baba ya wanke hannu, ya shige ciki neman gilashin ido ɗaya.

Ƙofa na rufuwa sifana ta fito daga aljihu.
Ya juya inji da hannu, sau ɗaya, sau biyu,
a hankali, kunne a karkace,
kamar mai sauraren numfashin jariri.
Ya dubi jan farcen. Ya dube ni.
Ya sassauta, ya zare, ya gusa, ya ɗaure.
Ko ganyen inabi bai farga ba.

"Wa ya ɗaura wannan bel?" ya ce da Baba ya fito.
"Ni dai ban ga abin ƙarawa ba. Tayar da ita."
Makulli ya juya.
Ta yi tari ɗaya, ta kama,
ta zauna daram, sumul, ba gargada,
har karen gidan Gocha ya amsa daga bayan katanga.

Baba bai yi murmushi ba.
Ya miƙa agogon ta maɗaurinsa.
"Lafiyarsa lau.
Wani ne ya mayar da shi baya da minti bakwai,
kuma da hannu mai maiƙo."

Inji na ta kaɗawa tsakaninsu.
Ɗigon ruwa ya faɗo a kan bonet.

"Haƙori nawa?"
"Ɗaya."
"Ɗaya," Baba ya maimaita, yana gyaɗa kai.
"A agogo ma ɗayan ne ke kashe rana."

Ya ce in ɗumama miya, in ƙara kwano.
Sai da na kai bakin murhu
na ga tocila na nan a hannuna, a kunne.