Fili Na Bakwai

Ni ke riƙe da sikeli a gonar gwaji ta Samaru,
shekara goma sha tara ke nan.
Ba ni da digiri. Ina da biro,
da littafin awo mai shuɗin bango da ya sha gumi,
da hannun da ke sanin nauyin masara
tun allura ba ta tsaya ba.

Daminar bara waccan, shanu suka keto shinge
ta wajen Bomo, cikin dare.
Fili na bakwai suka samu.
Suka bar mana kara da kashi.
Na rubuta: bakwai, babu.
Na ja layi biyu a ƙasa.

Bayan wata tara takarda ta fito
a mujallar wata ƙasa mai nisa.
Dakta Barau ya liƙa ta a allon sanarwa,
aka sha lemo, aka yi hoto.
Na sa tabarau, na bi jadawalin da yatsa.
Ga bakwai nan, ya cika buhu,
har ya ɗara shida.
Ashe saniya na mayar da abin da ta ci
in dai a takarda ne.

Na tare shi bayan La'asar, a ladabce.
Ya ce, Tanimu, lissafi ne ya cike gurbin,
masu ba da kuɗi ba sa son rami a jadawali.
Bai dube ni ba.
Makullin mota yake lalube.

Abin da ke ci mini rai:
irin nan mai kyau ne.
Fili goma sha ɗaya sun shaida, ni na auna su.
To amma ɗigon kananzir ɗaya
ba ya tambayar girman randa.

Ran Juma'a Kawu Ɗanlami ya zo daga Shika
da ƙurar hanya a gira.
Ya ce, irin nan da ake ta yabo,
in sayar da akuyar in saya?
Bai san mujalla ba,
bai san Dakta ba.
Ni ya sani, ni da ya goya a wuya zuwa kallon dambe.
Ku kuka auna ai, ko?

Na daɗe ina juya kofin shayi.
Na ce, shuka rabi, Kawu.
Ya dube ni irin duban da ake wa mai awo
in ya sa babban yatsa cikin tiya.

Jiya wata ɗaliba, Hansatu,
ta ƙwanƙwasa ɗakin awo.
Ta maimaita gwajin sau biyu, lissafi ya ƙi,
har ta fara zargin kanta.
Ta ce, Baba, ko akwai asalin lambobin?

Na buɗe loka.
Ƙwari sun ɗan taɓa bangon,
amma layin nan biyu suna nan.
Na jawo mata kujera,
na kunna fitila.